'Yata ta ƙi bulumboti ana saura kwana 12 in koma aiki

Saura kwana 12 hutun haihuwata ya ƙare lokacin da na fara miƙa wa 'yata bulumboti, kuma har yau ina tuna yadda ta karɓe shi. Ta riƙe robar a baki, ta juya ta da harshe kamar mai ɗanɗana abin da take zargin magani ne, sannan ta turo ta waje, ta kawar da kai, ta shiga laluben gaban rigata. Ban damu ba a ranar, domin na ɗauka baƙunta ce irin ta yara, gobe za ta saba. Gobe ta zo, jibi ya wuce, abin sai ƙara ta'azzara yake yi, har ta kai da zarar ta hango bulumbotin a hannuna sai ta banƙare ta fara tsala ihu kamar wadda aka nuna wa allura. Ba zan ambaci sunanta a nan ba, tunda 'yar fari ce, kuma ko da boko ya rage mana kunya bai cinye ta duka ba. Surukata, wadda duk gida ke kira Hajiya, da kishiya take kiranta, kamar yadda kakanni suka saba tsokanar jikokinsu mata.

Muna zaune a Tudun Jukun, ni kuwa ina aikin lissafin kuɗi a wani ofis mai zaman kansa a Samaru. Wanda ya san Zariya ya san cewa kafin mutum ya ratsa Tudun Wada, ya wuce PZ da Kwangila, ya miƙa ta Hanwa da Palladan har ya isa Samaru, ya ci lokacin da ba zai ba shi damar lekowa gida da rana ya koma ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana domin ta shayar da ɗanta, amma rabin awa bai isa ya kai ni Kwangila ba ma, balle gida. Ma'aikatan gwamnatin tarayya, waɗanda suke da yawa a garin nan saboda jami'a da asibitin koyarwa da sauran manyan makarantu, hutunsu ya fi wannan tsawo. Jihar Kaduna kuma tun shekarar 2019 ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata 6. A ɗaya gefen, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har ya cika wata 6, ba ruwa ba kunu, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye, wanda ya yi daidai da shekara biyu cikakku da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata. Ni na haɗa mako 12 da hutun shekara na mako 3, na tashi da 15, saboda haka akwai kusan mako 11 da babu wanda ya gaya mini yadda zan cike su.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa iyayenmu ba su san wannan matsala ba, alhali ba zaman banza suka yi ba. Sun yi daka da surfe da saƙa da dafa abincin sayarwa, amma duk inda suke ɗan yana goye a baya, in ya motsa a sauko da shi a ba shi mama a mayar. Har gobe mai sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari tana shayar da ɗanta a bayan teburinta ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Aikin ofis ne ya zo da raba uwa da jariri na tsawon awa 9, kuma shi ya sa dattijan gida ba su da gadajjiyar dabara a kan lamarin, sai dai kowa ya kawo abin da ya ga dama.

Sun kuwa kawo. Da farko ni ce na ɗora laifin a kan bulumbotin, na je Sabon Gari na sayo wani mai faffaɗan kai da aka ce an ƙera shi da siffar nonon uwa, na sake sayo mai laushi, na ƙara da wani mai tsada da wata abokiyar aikina ta rantse da shi, har suka zama huɗu a kan tebur, kuma babu wanda yarinyar ta yi wa kallo na biyu. Wata maƙwabciya ta ce in shafa zuma a kan robar. Allah Ya taimake ni na riga na ji a wurin awo cewa ba a ba yaron da bai cika shekara ba zuma, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke saukar wa jariri da shanyewar jiki, cikinsa kuma bai yi ƙwarin da zai yaƙe ta ba. Wata ta ce in zuba madarar gwangwani, wai ta fi zaƙi. Hajiya ta ce a dama kunu mai ruwa-ruwa a fara yi mata ɗure, ai haka aka yi wa ubanta ya girma. Yayata kuwa cewa ta yi: "Ke dai kin cika tausayi. Ki hana ta mama tun safe, yunwa za ta koya mata."

Wannan shawara ta ƙarshe ita na bi, kuma ita ce abin da nake nadama a cikin duk labarin nan. Na hana ta tun ƙarfe bakwai na safe har kusan sha biyu na rana. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta yi barcin wahala, ta farka ta ci gaba, kuma duk lokacin da na kai robar bakinta sai ta ƙara firgita. Ni ma rigata ta jiƙe sharkaf da nono, ina zaune ina hawaye. Daga ƙarshe na sa ta a ƙirji, ta kama tana ajiyar zuciya tana sha. Abin da na fahimta daga baya shi ne, jaririn da yunwa ta gigita ba ya koyon sabon abu, kamar yadda babba ma ba ya ɗaukar karatu yana cikin tashin hankali. Abin da kawai na koya mata a ranar shi ne ta haɗa bulumboti da azaba.

Bayan kwana biyu muka je ƙaramin asibitin unguwa domin rigakafin mako 14. Ma'aikaciyar jinyar da ke auna yara, wata dattijuwa mai fara'a, ta lura da idanuna ta tambaye ni ko lafiya. Na zayyana mata komai, har da adadin bulumbotin da na saya. Ta yi dariya ta ce: "Maman bebi, wa ya gaya miki sai da fida yaro ke shan nono? Nono kike so ya shiga cikinta, ko roba kike so ta tsotsa?" Na ce: "Sista, to da me za a ba ta idan ba na nan?" Sai ta buɗe durowa ta ɗauko ɗan ƙaramin kofin roba irin wanda ake auna maganin ruwa da shi, mai cin mililita 30, ta ce da irin wannan ake shayar da bakwaini ma a asibiti, balle yarinya mai ƙiba da ta iya riƙe wuyanta. Ta ƙara da cewa su ma'aikatan lafiya sun fi son kofi, domin ana wanke shi tas da sabulu a ga ko'ina a cikinsa, bulumboti kuwa yana da lungu da saƙo inda nono ke maƙalewa ya lalace, musamman a cikin robar, kuma in ba ana tafasa shi a kai a kai ba, hanya ce ta kawo wa yaro gudawa.

Daga bayaninta da abin da na bincika daga baya na gane dalilin ƙin. Jariri sabon haihuwa yana tsotsar duk abin da ya taɓa ganɗarsa ba da niyya ba, halitta ce Allah Ya yi masa. Tsakanin wata 2 zuwa 4 wannan tsotso na dole yana raguwa, ya koma abin da yaro ke yi idan ya so, ya bari idan bai so ba. Ni kuwa sai da na jira ta shiga daidai wannan lokaci sannan na kawo mata baƙon abu. Shi ya sa ake ba wadda ta san za ta koma aiki, kuma take son amfani da bulumboti, shawarar ta fara gwada shi wajen mako 4 zuwa 6, bayan shayarwa ta kankama, ta kuma riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, ko da yake akwai yaran da suka karɓa da wuri suka zo suka ƙi daga baya. Sannan shan mama da shan bulumboti aiki biyu ne daban. A jikin uwa yaro yana wangale baki ya kama kan nono tare da baƙin da ke kewaye da shi, naman ya miƙe ya bi siffar bakinsa, ya yi ta ƙananan tsotso har nonon ya sauko, kuma shi ke iko da saurin zubarsa. Roba ba ta bin siffar bakin kowa, kuma da an karkata ta sai nono ya fara ɗiga ko yaro ya shirya ko bai shirya ba. Ga ɗumin jiki, ga ƙamshin uwa da jariri ya sani tun kwanakin farko. Yarinyar da ke kwance a hannuna, tana jin ƙamshin abin da ta saba da shi a dab da hancinta, ba ta da dalilin yarda da roba, kuma da na duba da idon adalci sai na ga ita ce mai gaskiya.

Da na kawo kofin gida na yi wa Hajiya bayani, sai ta taɓe baki ta ce: "Ke 'yar nan, ai wannan ɗure ne, sai dai an sa masa rigar boko. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." A garin da rimi ya yi yawa kamar Zariya ba a gardama da wannan karin magana, saboda haka na yi shiru na bari sai da ta huce, sannan na ce: "Hajiya, ku gafarce ni, akwai ɗan bambanci, bari in nuna muku yadda Sista ta koya mini." A ɗure ana kwantar da yaro ne a cinya, a tara hannu a bakinsa a zuba kunu, wani lokaci har a toshe masa hanci domin ya haɗiye dole. Yaro yana kuka yana jan numfashi, abin da ake zubawa yana iya bin hanyar iska ya faɗa huhu, ya jawo ciwon huhu, ko ma ya shaƙe shi nan take. Shayarwa da kofi kuwa sharaɗinta na farko shi ne ba a zubawa. Ana zaunar da yaro a cinya ya ɗan kishingiɗa kaɗan, a tallafe wuyansa da kafaɗunsa, a sa tsumma mai tsabta a ƙarƙashin haɓarsa, a naɗe hannuwansa idan mai fizge-fizge ne. Ana zuba nono rabin kofi, a ɗora bakin kofin a kan leɓensa na ƙasa a hankali, a karkata shi har nonon ya taɓa leɓen kawai, sannan a tsaya cak. Yaron ne zai fara lasa da harshe, daga baya ya koyi kurɓa. Idan ya tsaya hutawa a bar kofin a wurin ba tare da an ƙara karkatawa ba, idan ya rufe baki ya kawar da kai to ya ƙoshi, a ƙyale shi. Ba a ba yaron da ke gyangyaɗi, ba a ba wanda ke tsakiyar kuka.

Kwana biyar suka rage mana, muka tsara yadda za mu yi. Da hantsi, kamar awa ɗaya da rabi bayan ta sha mama, lokacin da ba ta ƙoshi sosai ba kuma yunwa ba ta kama ta ba, sai in tatsi nono mai ɗumi in miƙa wa Hajiya, in sa hijabi in fice daga gidan gaba ɗaya in zauna a maƙwabta, domin muddin ina cikin gida tana jin muryata ba za ta saurari kowa ba. Ranar farko wasa ta yi da shi, rabi ya zube a tsumma. Rana ta biyu ta lasa ta yamutsa fuska, ta sake lasa. A rana ta uku ina zaune a gidan maƙwabciya sai ga yaro an aiko wai in zo, na taso a guje gabana na faɗuwa, na tarar da Hajiya tana riƙe da kofi babu komai a ciki tana cewa: "Kishiyar nan tawa ashe makira ce, ta shanye tas." Tun daga ranar ta ɗauki abin ya zama nata, har tana gyara wa mai aikinmu riƙon kofi, tana faɗa mata kada ta kuskura ta zuba.

Ranar da na koma aiki, kafin azahar ƙirjina ya yi tauri kamar dutse. Ina da na'urar tatsa ta hannu, amma na fi samun nono da yatsuna, kuma hakan ya rage mini kayan wanki. Bayan wanke hannu da sabulu, ana ɗora babban yatsa a saman baƙin nonon, manuniya a ƙasansa, a danna baya wajen ƙirji, a matsa a saki, a matsa a saki, ana zagayawa ana sauya ɓangare, ba tare da murza fata ko jan kan nonon ba. Yakan ɗauke ni minti 20 zuwa 30 in gama duka biyun. Saukowar nono tana da alaƙa da kwanciyar hankali, domin sinadarin oksitosin da ke turo shi yana fitowa ne idan uwa ta natsu ko ta tuna ɗanta, tsoro da kunya kuma suna tauye shi. Shi ya sa kwanakin farko, da nake tatsa a ɗakin ajiyar takardu ina fargabar wani zai turo ƙofa, da ƙyar nake samun abin kirki, sai da na koma kusurwar da mata ke salla, na riƙa tafiya da 'yar rigar yarinyar a jaka ina shinshinawa. Wanda bai taɓa shayarwa ba zai yi dariya, amma yana aiki. Sau biyu nake tatsa a ofis, kuma ba domin abincin gobe kaɗai ba: jiki yana yin nono gwargwadon yadda ake cire shi, in an bar shi a cike kullum zai ragu, ban da haɗarin ya ɗaure ya kumbura ya kawo zazzaɓi. Abin da mai shayarwa ke buƙata a wurin aiki bai taka kara ya karya ba, ɗaki mai sakata ne da kujera da wurin wanke hannu, kuma abin kunya ne a ce sai mace ta roƙa.

Ajiya ita ce ta fi ba ni wahala, saboda a watan Afrilu na koma, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40. Ƙa'idar da aka fi yaɗawa ita ce nonon da aka tatsa yana awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, yana kwana 4 a firjin da ke aiki ba yankewa, yana kuma wata 6 a firiza. Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, mu kuwa a bazara babu ko ɗaya. Sai na sayi ƙaramar kula ina cika ta da ƙanƙara kowace safiya, in jera ƙananan mazubai masu murfi a ciki, tunda nono yana iya kai awa 24 a cikin kula mai isasshiyar ƙanƙara. Abin da na tatsa yau shi za a ba ta gobe, ban taɓa tara na kwanaki ba, kuma kowane mazubi ina manna masa takarda da rana da lokaci. Ina raba shi kaɗan-kaɗan, mililita 60 zuwa 90, saboda ragowar da yaro ya sa baki a ciki ba ta wuce awa 2. Idan za a ba ta, ana tsoma mazubin ne a kwanon ruwan ɗumi har sanyin ya fita, ba a ɗora shi a wuta. Na kuma gargaɗi Hajiya cewa za ta ga maiƙo ya taso sama ruwa ya kwanta ƙasa, kada ta zubar ta ce ya lalace, juya shi kawai za ta yi a hankali ya haɗe.

Mun sha muhawara da ita a kan abu biyu. Na farko, duk yammacin da na dawo sai ta tare ni ta ce kada in ba yarinya nonon da ya wuni a rana, ya yi zafi ya yi tsami, sai na tatse na zubar. Nono ba ya lalacewa a jikin uwa ko ta wuni a tsakiyar kasuwa, amma na ga ba riba a jayayya da suruka a bakin ƙofa, sai muka daidaita a kan in wanke hannu in goge gumi, in sha ruwa, sannan in ɗauke ta. Na biyu shi ne ruwa. Hajiya ba ta ga yadda za a yi rai ya wuni a zafin bazara ba a ɗiga masa ruwa ba, tana ganin rashin imani ne. A nan kam ban sassauta ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma cikin jariri ƙarami ne, duk ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, ban da abin da ruwan zai iya ɗaukowa na cuta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, kuma duk wadda ta zauna da dattijai ta san yawanci ta ƙofar wannan ruwan tausayi ake fara karya ƙa'idar. Maigida ne ya raba gardamar, ya ce: "Hajiya, a yi haƙuri a bi maganar asibiti, in ta cika wata shida ke za ki fara ba ta da hannunki."

Jariri mai irin watannin 'yata yakan sha kimanin mililita 750 zuwa 800 a awa 24, saboda haka na yi lissafin za ta buƙaci wajen 250 zuwa 300 a lokacin da ba na nan. Ba ta taɓa shan haka ba a makonnin farko. Takan sha abin da zai riƙe ta kawai, ta jira ni, sannan ta rama da dare. Daga magariba zuwa asuba tana manne da ni a cikin gidan sauro, tana farkawa sau huɗu ko biyar, ni kuma in tashi da safe in tafi lissafin kuɗin mutane da idanu jajaye. Yara da yawa suna yin wannan juyi idan uwa ta koma aiki, kuma ba matsala ba ce ga yaron muddin jimillar abin da yake sha ta isa, uwar ce dai ke biyan kuɗin da barcinta. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ƙirga fitsari: in ta jiƙa kunzugu sau 6 ko fiye a kwana ɗaya, fitsarin fari ba ja ba, tana wasa tana dariya, kuma layin nauyinta a katin asibiti yana hawa, to tana samun rabonta. Na kuma gaya wa mutanen gida cewa in suka ga fitsari ya ɗauke, ko bakinta ya bushe, ko maɗigarta ta faɗa, ko ta yi laushi ba ta son motsi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran in dawo, a kira ni a wuce asibiti.

Akwai ranar da nonon da na bari ya ƙare da wuri, Hajiya ta yi tunanin miƙa ta ga facalata, wadda ke goyon ɗa namiji, ta shayar da ita. Allah Ya sa ta kira ni tukuna. A mazhabar Malikiyya da muke bi, nonon mace in ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa, ko sau ɗaya ne, ko da kofi aka ba shi, ya ƙulla 'yan'uwantakar shayarwa da ke haramta aure, kuma a dangin da ake auren zumunci wannan ba abin da za a yanke a tsakar gida ba ne ba tare da sanin iyaye maza ba. Ban da haka, akwai cututtuka irin su ƙanjamau da ke bi ta nono, wanda ya sa ba a yin haka sai an san lafiyar mai shayarwar. Na nemi izini na hau acaɓa na dawo.

Ban ce bulumboti haramun ba ne. Ina da ƙawaye da 'ya'yansu suka karɓe shi lafiya, kuma ga wadda ke da halin wanke shi da tafasa shi yadda ya kamata, ya fi kofi saurin sha da ƙarancin zuba. Mai son ta ci gaba da gwadawa ta zaɓi roba mai ƙaramar huda, ta ɗumama ta a ruwan ɗumi, ta bar wani ya ba yaron yana zaune a miƙe, bulumbotin a kwance ba a tsaye ba, a shafa robar a leɓensa har ya buɗe baki da kansa, in ya ƙi a ajiye sai wani lokaci. Wasu yaran sun fi karɓa ana yawo da su, ko an juya bayansu ga ƙirjin mai ba su suna kallon tsakar gida. Haka kuma wadda nononta bai isa ba, ko aikinta bai ba ta damar tatsa ba, har ta koma ga madarar jarirai, ba ta yi laifin da za a riƙa yi mata gori ba. Ta dai haɗa ta da tafasasshen ruwan da bai huce ƙasa da digiri 70 ba, ta bi ma'aunin da ke jikin gwangwani ba tare da tsinka ta don ta daɗe ba, ta bari ta huce kafin a ba yaro, kuma ita ma ana iya ba da ita da kofi.

Ranar da ta cika wata 6 Hajiya ta tashi da wuri ta dama kunun gero da gyaɗa da waken soya mai kauri, ta ba ta cokali biyu, sannan ta ɗauko ɗan kofin nan ta zuba tafasasshen ruwan da ya huce, ta ba ta da hannunta kamar yadda aka yi mata alkawari. Yarinyar ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta dube ni, Hajiya ta ce ai ga shi nan, wata shida ana hana baiwar Allah ruwa har ta manta da shi. Daga nan shan dare ya fara raguwa, na rage tatsa zuwa sau ɗaya a ofis, mama kuwa tana nan tana sha safe da yamma. Bulumbotin nan huɗu, uku suna cikin kwali a saman kabad ban san wanda zan ba ba. Na huɗun, mai tsadar, maigida ya cire masa roba yana auna baƙin man janareta da shi, wai layukan mililita da ke jikinsa sun fi na kowane mazubi fitowa.